Kwanan karatu ba ya ƙara maki

Wani labari ya ɗora faɗuwar ɗalibai kan fargabar jarrabawa, amma ya tsallake barci, alhali su biyun a ɗaure suke. Ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. A barci mai nauyi, wanda ya fi yawa a farkon dare, ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Damuwa kuwa tana ƙara sinadarin kotisol mai sa jiki zama a farke, barci ya ƙi zuwa, gobe hankali ya ƙi taruwa.

A bar kofi tun la'asar, don bayan awa 5 kusan rabin kafeyin ɗinsa, wato sinadarin da ke hana barci, yana jini. A ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya. Barcin rana kada ya wuce minti 20, in ya wuce da nauyin kai ake tashi.