Haɗin kebul a ramin kwal, ku daina ɗora wa mai gyara laifi shi kaɗai

Wallahi duk sanda naji ance "sakacin ma'aikaci ne" bayan wuta ta tashi a ramin haƙar kwal sai raina ya ɓaci, don wanda bai san yadda aikin yake ba ne kawai zai faɗi haka ya wuce.

Injin da ke yanko kwal a can ƙasa da lantarki yake aiki, wutar da ke shigarsa ta kai kusan volt 1000, kuma kebul ɗin yana jansa ne a baya kamar jela, cikin ruwa da laka, dutse ya faɗo masa, motar kwasar kwal ta taka shi, dole wata rana ya tsinke ko fatarsa ta yage. To nan ake yin ta. Inji ya tsaya, kwal ya daina fita, oga na tsaye a kanka yana duba agogo, kai kuma haɗi mai kyau yana cin lokaci: a kashe wuta tun daga tushe, ka sa kwaɗonka ka jefa makulli a aljihu, ka gwada ka tabbatar ta mutu, sannan a fere, a matse kowace waya da maɗaurinta, a naɗe ta daban, a rufe da robar da bata kama wuta yadda ko danshi ba zai shiga ba. Shi kuma oga so yake ka murɗa ka naɗa salatif a ci gaba da aiki.

Abin da yafi bani tsoro wayar ƙasa ce, wato wadda ke kwashe wutar da ta zubo jikin inji, da ƴar siririyar da ke gadinta, wadda ke sa wuta ta ɗauke in wayar ƙasan ta tsinke. Ko baka haɗa wayar ƙasa da kyau ba, in aka yi wa mai gadin dabara inji zai tashi lafiya lau, babu wanda zai gane, sai ranar da wuta ta zubo jikin ƙarfe wani bawan Allah ya dafa da jiƙaƙƙen hannu.

Kuma fa shokin ɗin mutum ɗaya yake ɗauka. Iskar metan, wato gas ɗin da ke fitowa daga kwal, in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ramin, tartsatsi ɗaya daga sakakken haɗi ya isa, in ta fashe ta tada ƙurar kwal, ƙurar ma ta kama, shikenan rami gaba ɗaya.

A Amurka sai da mutum 78 suka mutu a fashewar ramin kwal na Farmington a 1968 kafin aka yi dokar kare lafiyar masu haƙar kwal ta 1969. Dokarsu tace haɗin wucin gadi guda ɗaya tal aka yarda a kebul, awa 24 kawai zai yi, kuma banda injin da ke naɗe kebul ɗinsa da kansa, kada ya zama cikin ƙafa 25 daga inji. Metan ya kai kashi 1 a wurin yanka, a kashe injina. Ku lura, awa 24 suka ce, don sun san halin ɗan Adam, na wucin gadi in yayi aiki yau babu mai komawa kansa.

Shi yasa ni a ganina in za'a yi bincike a fara da ofis. Akwai kebul na canji a ajiye? An sayi kayan haɗi ko salatif kawai aka bada? Wanda ya tsaida aiki awa biyu don yayi haɗi mai kyau, yaba masa akai ko tsawa ya sha a gaban yaransa?