Mai kisan yana cikin ƙosai

Wayata ta faɗa kwata a Aboabo, unguwa a Kumasi ta ƙasar Ghana, kwana uku bayan babbar sallah. Mai gyara ya juya ta, ya shinshina, ya faɗi kuɗin da ya sa na ce ya bar ta ta huta tukuna. Duk tela ya san wannan lokacin: ɗinkin sallah ya ƙare, keke ya yi shiru, sai ƙuda da masu neman a rage musu ƙugun wando. Babban ɗana da ke karatu a jami'ar Kumasi da ake kira Tech ya ce, "Baba, ai dama ce ta samu, sai ka ɗan yi karatu." Ya faɗe shi da wata irin murya, sai ka ce ba ni na biya kuɗin makarantar ba. Zuciya ta ɗebe ni, washegari na sauka Adum wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi, na kwaso uku. Ban tsaya zaɓe ba, kauri na bi, yadda ake sayen doya.

Na farko na wani Ba'amurke ne mai koyar da sirrin arziki. Babi guda cur ya ɓata yana bayanin cewa attajirai ƙarfe biyar suke tashi. Ni da ladan ke tayarwa kafin biyar shekara arba'in ke nan, da tashin asuba na kawo kuɗi da yanzu rabin kasuwar Kejetia nawa ne. Amma wata shawararsa ta shige ni: duk kuɗin da ya biyo ta hannunka, fara biyan kanka ɗaya bisa goma. Kuɗin da ke bi ta hannuna a lokacin na cefane ne kaɗai, sai na zare ushirina, na yi wa uwargida bayanin hikimar Bature. Ta ce to. Da dare aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo, na laluba har gindin kwano ban gamu da nama ba.

"Maigida, ni ma na fara biyan kaina," in ji ta.

Na biyu tarihin Asante ne, kuma shi kam ya cancanci kuɗinsa. A garin nan aka haife ni, na wuce ta Manhyia, fadar Sarkin Asante, ba adadi, amma sai a littafin na san Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, sun kama Sarki Prempeh na ɗaya a 1896, kuma bai dawo daga tsibirin Seychelles ba sai 1924. Matsalar ilmi sabo ita ce ba ya zama a ciki. Ran nan na shiga motar haya ta tirotiro zan kai wa yaron nan saƙo Tech, na tsinci kaina ina ba wa duk motar labarin 1900, lokacin da gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta sarautar Asante ya zauna, Yaa Asantewaa, uwar sarkin Ejisu, ta ce idan maza sun tsorata mata za su yi yaƙin. Har da ɗaga yatsa. Wani dattijo Batone, wato mutumin Asante, da ke kusa da ni ya bari sai da na kai aya, sannan ya kira ni da sunan da suke kiran Musulmi, ya ce cikin natsuwa, "Kramo, littafin naka bai faɗa maka su wa ke riƙe wa Bature bindiga ba?" Ya faɗa mana. Sojan Hausa na ciki, shafin ne na karanta da sauri. Na ce, "Nana, ni kakana goro ya zo saye ta Salaga." Ya ce kowa haka yake cewa. Mota ta kwashe da dariya, na sunkuyar da kai cikin littafi don kunya, ban ɗago ba sai da yaron mota ya buga ƙofa yana cewa an iso. Ejisu. Garin Yaa Asantewaa ɗin da kanta. Na biya cikon kuɗi, na biya na dawowa.

A mako na uku ƙanwar uwargida ta ara min wani littafin soyayya irin na Kano. Na ɗauka da raini, na ƙare da share hawaye da ƙyallen atamfa. Sai shaiɗan ya raya min in gwada. Tana tankaɗen gari na tsaya a kanta na ce, "Sannu da aiki, tauraruwar zuciyata." Ta ajiye rariya, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Wace ce? 'Yar wane gida ce?" Kwana biyu ina rantsuwar ba aure zan ƙara ba.

To, sai na ƙarshe, wanda ya zame min ƙarfen ƙafa. Labarin ɗan sandan ciki ne, bango ma babu tun daga Adum. An kashe wani attajiri a ƙauyen Ingila cikin ɗakin da aka kulle ta ciki, mutum bakwai a gidan, kowa da dalilin son ganin bayansa. Ban taɓa sanin takarda na hana barci ba. An ɗauke wuta na kunna tocila. Na rubuta sunayen su bakwai ɗin da allin tela a bangon shago, ina soke wanda na wanke. Wani ya kawo yadi, na auna shi ina tambayarsa inda yake daren Talata.

Ranar da ya rage saura kaɗan, na bar littafin kan benci a ƙofar gida na tafi masallaci. A ƙofar nan uwargida ke sayar da koko da ƙosai. Da hantsi na zauna na ci gaba: ɗan sandan ya tara kowa a falo, ya kulle ƙofa, ya gyara murya. Na juya shafi, sai ga gwiwata. Daga shafi na 292 babu komai.

Autata ta ce, "Baba, takardar naɗi ce ta ƙare. Iya ta ce in yago ta baya, wai ta gaban kake karantawa."

Ganye goma, mai saye goma. Na zauna da yarinyar muka jera sunaye, na bi unguwa gida-gida, da girmana da furfurata. Tsohuwar da ke bayanmu ta hura kurfoti da nata. Mai gadin makaranta ya goge hannu ya jefa kwata, ita dai kwatar da ta ci wayata. Liman ya saurare ni har ƙarshe, ya ce akuyarsa ce ta cinye, sannan ya ja ni gefe ya tambaya a hankali ko lafiya a gida. Zuwa azahar na tsira da ganye uku, mai ya jiƙa su har rubutun gaba ya haɗe da na baya. Na ɗaga su a rana na yi ta ƙifta ido. Ɗaya tallar wasu littattafai ce.

Saura wani yaro ɗan sakandare a layinmu. Ya ce takardar ya yar, amma ya karanta, kuma sunan na ciki.

"Faɗa min, ɗana."

"Kawu, sidi biyar."

Na biya. Ya ce likita ne. Na kama hanya ina jinjina kai, ina cewa ai dama na zarge shi. Sai da na kai bakin shago na ga bango: da hannuna na soke likita tun makon jiya, domin a babi na tara aka tsinci gawarsa. Na koma a fusace. Yaron ko gezau, ya ce na sidi biyar ke nan, na gaskiya sidi goma ne.

Wata ya cika, na karɓo waya, na kira ɗan Tech ya nemo min ƙarshen a intanet. Ya tambayi sunan littafin. Na shiga ɗaki in duba, babu shi. Uwargida ta ce tunda ba shi da ƙarshe me za a yi da shi, ya yi mata kwana huɗu tana naɗi.

Sunaye uku suka rage a bangon shago. Yaron kuwa kullum sai ya biyo ya rusuna ya gaishe ni. Jiya ya ce kaya sun tashi, ya koma sidi ashirin.