Hular Kawu ta zauna a Hada

Tun da aka mayar da hutun ƙarshen mako Juma'a da Asabar a 2013, duk mazaunin Makka da zafi ya isa, Ɗa'if yake nufa. Ta hanyar Hada tafiyar ba ta wuce kilomita 90 ba, sai dai hawa ne zalla: Makka tana ƙasa a wajen mita 300, Hada kuwa ta kai mita 2,000. Manyan motoci ba sa bi nan, hanyar Sail suke zagayawa. Tsohuwar motar Kawu ma ta can ya kamata ta bi, amma wa zai faɗa wa mutumin da ya tsufa yana jigilar alhazai?

Bayan sallar Juma'a muka tashi daga Shara Mansur: Kawu a sitiyari, ni a gefensa, Inna da jikoki biyu a baya, but cike da kular shinkafa, filas ɗin shayi da ƙullin kilishin da aka aiko wa Inna daga Kano.

Muna wuce Kar, inda hawan yake farawa, allurar zafin inji ta fara miƙewa. Na ce, "Kawu, a kashe esi."

"Kai yaro, wannan allurar tun ina sayen motar take ƙarya."

Ranar dai gaskiya ta faɗa. Mota tana hawa a giya ta biyu, ɗauke da mutum biyar, esi na ja, ga lagireto ya sha ruwan famfo har ya yi tsatsa. Dabarar ita ce a kashe esi, a kunna hita har ƙarshe don ta janye zafi daga inji, a nemi inda aka faɗaɗa gefen titi a tsaya. Mun yi hakan, Inna tana tambayar laifin da ta yi aka kunna mata wuta. Murfin lagireto kuma ba a taɓa shi sai an jira kamar rabin awa, sannan a sa tsumma a murɗa a hankali, don ruwan ciki a matse yake, yana iya wanke wa mutum fuska. Ba a kuma kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, kan injin na iya tsagewa. Da muka duba, fiyus ɗin fanka ne ya ƙone. Muka ciro na rediyo, lambarsu ɗaya, muka sa.

Wannan rabin awar ce ta jawo mana baƙi. Duwatsun Hada na gwaggon biri ne, kuma sun san mota mai buɗaɗɗen bonet ba ta da inda za ta. Ba a ba su abinci, har tara ake ci, kuma ba a buɗe but a gabansu. Kawu ya buɗe, wai zai ɗauko galan ɗin ruwa. Wani ƙaton namiji mai furfura a kafaɗa ya sauko, ya wuce kular shinkafa ko kallo, ya ɗauki ƙullin kilishi. Kawu ya cire hularsa zanna bukar ya jefe shi da ita. Birin ya cafe, ya hau dutse da duka biyun, ya zauna yana ci yana kallonmu.

"Alhaji, da ka haɗa masa da shayin," in ji Inna. "Akwai yaji."

Daga nan rangadin ya canza fasali, don Kawu ya rantse ba zai taka ƙasa da kai a buɗe ba, sanƙonsa ba na kallon jama'a ba ne. Da muka isa Ɗa'if, fadar Shubra muka fara zuwa, farin bene mai tagogin katako da aka sassaƙa, wanda aka gina tun zamanin Turkawa, kafin a kafa Saudiyya a 1932, Sarki Abdul'aziz ma ya zauna a ciki. Kawu ya ba mu tarihinta kaf ta gilashin mota, ya duƙa kamar wanda ake bi bashi. A masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wanda kabarinsa ke nan gefe, dole ta sa ya fito, ya yafa tawul ɗin goge gilashi. Bayan magariba na sayo masa farar tagiya ta riyal biyar, ya juya ta ya ce ko almajiri ba zai sa ba, sannan ya sa.

Asabar da asuba muka hau Shafa, tsaunin da ke kusa da Ɗa'if inda ake noman wardi. Wanda yake son ganin furen wardi, Maris da Afrilu ne lokacinsa, kuma kafin rana ta ɗaga ake tsinka, in ta yi zafi ƙamshin ya gudu. A tukwanen tagulla ake dafa shi a tace turaren, a sayar da tola. Inna ta tambayi kuɗin tola ɗaya, ta ji, ta sayi kwalbar ruwan wardi. A tafi da rigar sanyi ko da Makka na tafasa. Jikokin da zanen Inna suka lulluɓa.

Saukowa ita ce babbar magana. Giya ta biyu ake sawa, ko L a mota mai otomatik, inji ya riƙe motar, birki kuma a taka da ƙarfi a saki. Kawu ya sa firi, wai tattalin mai, ƙafarsa a kan birki a kowace kwanar titi. Can sai warin ƙauri, feda ta fara nutsewa. Man birki in ya tsufa ruwa yake sha, da ya yi zafi sai ya tafasa, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Na Kawu kuwa ya girmi ƙaramin jikansa. Muka samu gefe da ƙyar. Ba a watsa wa faifan birki ruwa, lanƙwashewa yake, kuma ba a jan birkin hannu yana da zafi. Aka sa giya, na tokare taya da dutse, muka rufe gilasai ruf, muka zauna jiran ya huce.

Birai suka sake kewaye mu. Kawu ya dafe tagiyar riyal biyar da hannu biyu, yana leƙen su ɗaya bayan ɗaya ko zai gane ɓarawonsa. Inna ta ce ya kwantar da hankalinsa, wanda ya ɗanɗana zanna bukar ba zai dawo don wannan ba.