Firist ɗaya muke da shi, ba ya kuma karɓar kuɗin ganawa

'Yan'uwa Kirista na zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, akwai wata al'ada da ta yi mana katutu, gara a faɗe ta a fili. Mutum na fama da ciwo, ko karayar ciniki, ko rashin haihuwa, sai a ce masa la'ana ce ta gidansu tun kaka da kakanni, kuma ba mai iya karya ta sai wani bawan Allah na musamman. Ya je ya yanki kati, ya biya kuɗin ganawa, ya sayi kwalbar mai, a ce ya dawo mako mai zuwa da wasu sidi. Ni dai a ganina, duk wanda ya gane abin da faɗuwar Adamu take nufi, ya kuma gane aikin firist a Littafi Mai Tsarki da yadda Yesu Almasihu ya cika shi, ba za a iya yi masa wannan ciniki ba. Matsalar ita ce ba a koya mana su yadda ya kamata.

A Farawa sura 3 labarin faɗuwar yake. Doka ɗaya aka ba Adamu, ya karya ta. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya nan take: kunya, ɓuya, sai ɗora wa wani laifi. Adamu ya nuna Hawwa'u, har ya haɗa da Allah da ya ba shi ita, ita kuma ta nuna maciji. Ku duba nassin da kyau, maciji aka la'anta a aya 14, ƙasa aka la'anta a aya 17. Mace da namiji sun sami hukunci, wahalar haihuwa da gumin goshi da mutuwa, amma Allah da kansa ne ya yi musu sutura ta fata kafin ya fitar da su. A ƙofar gonar Aidan ta gabas aka sa kerubobi da takobi mai harshen wuta. Asalin hasarar ke nan, an rufe hanyar zuwa gaban Allah.

Bulus ya ɗauko zancen a Romawa 5:12, cewa zunubi ya shigo duniya ta wurin mutum ɗaya, mutuwa ta biyo shi, ta kuma bi kowa domin kowa ya yi zunubi. A nan ne muka sha bamban da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda a wurinsu Annabi Adamu ya tuba, an yafe masa, ba a kuma haifar kowa da zunubin wani. Idan ana hira a bakin shago kada ka ce musu an kama jariri da laifin cin 'ya'yan itace, ba haka koyarwar take ba. Abin da Kirista yake cewa shi ne halin ɗan adam ne ya gurɓace tun daga tushe, shi ya sa ba a koya wa yaro ƙarya ko rowa, gaskiya da kyauta ake koya masa. A Afirka ma aka yi babbar muhawara a kan wannan. Agustin, bishop na garin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya ja da koyarwar Pelagiyus mai cewa mutum zai iya cika nufin Allah da ƙoƙarin kansa, taron Kartaj na shekarar 418 kuma ya yi watsi da ra'ayin Pelagiyus. Cocin Otodoks na gabas sun fi ƙarfafa cewa mutuwa da raunin hali muka gada, ba alhakin laifin Adamu ba. Ko ta wace fuska ka bi, ciwon na kowa da kowa ne. Ba na gidanku kaɗai ba ne, kuma mai riƙe da makirufo yana da shi kamar yadda kake da shi.

To, wa zai shiga tsakani? A garin nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wanda ya taɓa zuwa fadar sarkin Asante ya san ba ka yi wa sarki magana kai tsaye, okyeame ne yake karɓar zancenka ya gyara ya miƙa, ya kuma dawo maka da amsa. Firist ma fuska biyu gare shi, yana tsaya wa mutane a gaban Allah, yana kawo wa mutane gafarar Allah. Sai dai okyeame magana kawai yake ɗauka, firist kuwa jini yake ɗauka, domin abin da ke tsakani laifi ne mai hukuncin mutuwa.

Ina so mu tsaya sosai a Littafin Firistoci sura 16, domin wanda bai san yadda ake Ranar Kafara ba, wasiƙar Ibraniyawa ba za ta yi masa ma'ana ba. Sau ɗaya ake yi a shekara, ranar 10 ga wata na bakwai. Babban firist zai yi wanka, ya ajiye kayan adonsa, ya sa fararen tufafin lilin guda huɗu: riga, wando, ɗamara da rawani. Zai kawo bijimi da rago domin kansa, jama'a kuma su kawo bunsuru biyu da rago ɗaya. A jefa ƙuri'a a kan bunsuran, ɗaya na yanka, ɗaya na kora. Da bijimin zai fara, domin zunubin kansa da na gidansa. Sai ya cika faranti da garwashi daga bagade, ya ɗebi turare niƙaƙƙe tafi biyu, ya wuce labule zuwa Wuri Mafi Tsarki, ya zuba turaren a wuta don hayaƙi ya rufe murfin akwatin alkawari, kada ya mutu. Ya yayyafa jinin bijimin da yatsa a kan murfin, sannan sau bakwai a gabansa. Ya fito ya yanka bunsurun jama'a, ya koma ya yi haka da jininsa. Duk tsawon lokacin nan ba a yarda kowa ya kasance cikin alfarwar sujada ba. Bayan ya tsarkake bagade, sai ya ɗora hannu biyu a kan bunsurun da ya rage, ya furta laifofin Isra'ila duka a kansa, wani mutum da aka tanada ya ja shi zuwa jeji ya sake shi. Gawar bijimin da ta bunsurun da aka yanka kuwa, fata da nama da kayan ciki, bayan sansani ake kai su a ƙone.

Labarin nan da ake yawan bayarwa a wa'azi, wai ana ɗaura wa firist igiya a ƙafa don a jawo gawarsa idan ya mutu a ciki, babu shi a Littafi Mai Tsarki, a daina jingina masa. Abin da yake a rubuce ya isa ban tsoro: a sura 10, Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna, sun kai wutar da ba a umarce su ba, suka mutu nan take. Shi labulen kuwa, Fitowa 26:31 ta ce an saƙa siffar kerubobi a jikinsa, masu tsaron nan dai na ƙofar gonar Aidan.

Ina tsarin ya gaza? Firist ɗin da kansa mai zunubi ne, shi ya sa da bijiminsa ake farawa. Yana mutuwa, sai a naɗa wani. Dabba kuma ba ta san abin da ake yi da ita ba, ba ta zaɓi ta mutu domin kowa ba, ba ta kuwa kai darajar mutum ba, shi ya sa Ibraniyawa 10:4 ta ce ba shi yiwuwa jinin bijimai da na awaki ya kawar da zunubi. Maimaitawar ma shaida ce. Ban da Ranar Kafara, kullum ana yanka 'yan raguna biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma, sama da 700 ke nan a shekara. Da aikin ya gama da an daina. Tun da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70, hadayar dabbobi ta tsaya a can.

Da'awar bangaskiyar Kirista ita ce Yesu Almasihu shi ne firist ɗin da waɗancan suke nunawa. Akwai tambaya mai ƙarfi a nan, marubucin Ibraniyawa bai kauce mata ba: Yesu daga kabilar Yahuza yake, firistoci kuwa daga Lawi suke, zuriyar Haruna. Amsar tana wurin Malkisadik. Ayoyi uku kacal aka ba shi a Farawa 14, sarkin Salem ne, firist na Allah Maɗaukaki, ya fito wa Ibrahim da gurasa da ruwan inabi, ya sa masa albarka, Ibrahim ya ba shi ushiri. Ba a ambaci ubansa ko uwarsa ko mutuwarsa ba. Zabura 110:4 kuma ta yi alkawarin wani firist na har abada bisa ga ɗabi'ar Malkisadik. Hujjar Ibraniyawa sura 7 ita ce, babba ne yake sa wa ƙarami albarka, Ibrahim kuwa kakan Lawi ne, saboda haka akwai firistancin da ya girme na Lawi, wanda ba gadon jini yake bi ba, rai marar ƙarewa yake bi.

Dalilin da ya sa ikilisiya ta dage cewa Yesu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum, kamar yadda taron Kalsidon ya tabbatar a shekarar 451, yana nan. In ba mutum ba ne, ba zai wakilce mu ba. In mutum ne kawai, zai buƙaci nasa bijimin. Shi ne firist, shi ne kuma hadayar, da son ransa ya miƙa kansa. An gicciye shi a bayan gari, kamar yadda ake ƙone gawar hadaya a bayan sansani. Da ya mutu labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa, Matiyu 27:51. Ibraniyawa 10 ta ce kowane firist a tsaye yake kullum yana maimaita hadaya, wannan kuwa ya miƙa hadaya ɗaya ya zauna a hannun dama na Allah. Aya 18 ta yanke zancen: inda aka gafarta zunubi, babu sauran wata hadaya dominsa. Aikin da yake yi yanzu roƙo ne dominmu, Ibraniyawa 7:25.

Wani zai ce, to 'yan Katolika fa, ai suna da fada, wato firist ɗinsu, suna da Mas, wato sujadar jibin Ubangiji? Bai kamata a yi musu ƙage ba. Koyarwarsu, wadda taron Trent ya fayyace a 1562, ita ce Mas ba sabuwar hadaya ba ce, hadayar gicciye ce guda ɗaya ake gabatarwa, fada kuma a madadin Almasihu yake tsayawa, ba da ikon kansa ba. 'Yan Furotesta ba su yarda da wannan bayani ba. Tun 1520 Martin Luta ya riƙe 1 Bitrus 2:9 cewa duk mai bi firist ne, fasto kuwa ɗan'uwa ne da aka ba aikin koyarwa da kiwo. Saɓani ne na gaske, amma ɓangarorin biyu sun haɗu a kan 1 Timoti 2:5, matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane. Ba ɗayansu da yake koyar da cewa wani mutum yana da layin kansa zuwa sama wanda sai ka biya zai haɗa ka.

Masu zancen la'anar gida suna kafa hujja da Fitowa 20:5, inda aka ce alhakin iyaye yana bin 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. Ayar ta ce na waɗanda suke ƙina, ta gaba kuma ta ce jinƙai ga dubbai. Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Da almajirai suka tambayi Yesu a kan wanda aka haifa makaho, ko zunubinsa ne ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya, Yohanna sura 9. Galatiyawa 3:13 kuma ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a. Gaskiya ne halin gida yana bin yara. Gidan da uba yake shan giya yana dukan uwa, yara suna ɗauka. Wannan tuba yake so da tarbiyya, wani lokaci da asibiti. Sikila ma gado ce, gwajin jini kafin aure ake yi mata, kwalbar mai ba ta canza jinin kowa.

Shafa mai kansa ba laifi ba ne. Yaƙub 5:14 ta ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Dattawa, ba mutum ɗaya ba, su ne kuma suke zuwa wurinsa, babu farashi a ayar. Wanda ya nemi sayen baiwar Allah da kuɗi a Ayyukan Manzanni sura 8, Siman mai sihiri ne, Bitrus kuma ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi. Baiko da ushiri suna da wurinsu, hayar ɗakin sujada da abincin gwauraye ba daga sama suke faɗowa ba, amma ranar da aka ce maka gafararka ko warakarka tana jiran abin da ka saka a ambulan, an mayar da kai bayan labule.

Kada kuma wani ya ɗauka tun da hadaya ta gama, sai ya yi abin da ya ga dama. Wanda ya yi zunubi ya furta shi ga Allah da sunansa, ba a dunƙule ba, 1 Yohanna 1:9. Idan da hakkin wani a ciki, Matiyu 5:23-24 ta ce ka ajiye baikonka a gaban bagade, ka je ku shirya da ɗan'uwanka tukuna. Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da riɓi huɗu ga duk wanda ya cuta. Saboda haka wanda ya cinye kuɗin adashin mata a kasuwar Kejetia, ko ya tauye wa abokin ciniki mudu, babu tsawon azumin da zai maye gurbin mayar da kuɗin. Ya nemi dattawa biyu daga cocinsa su raka shi wurin mai hakki, a rubuta nawa ne, a tsayar da ranar biya, ko da kaɗan-kaɗan ne.