Ƙwayar da ba wanda ya auna

Wata safiya ina zaune wurin mai shayi kusa da Kasuwar Dole ta Damagaram, wani ɗan kabu-kabu ya ɓare tramol biyu, wato ƙwayar tiramadol mai kashe ciwo, ya watsa baki, ya kora da shayi. Na tsinci ledar da ya yar, an buga mata 225. Na ce, "Ɗan samari, ka san abin da ke ciki kuwa?" Ya ce, "Haba Malam, ba ga shi a rubuce ba?"

Ƙwayar da likita ya saba rubutawa miligiram 50 ce, kuma ba a son babba ya haura 400 a yini. Yaron nan ya haɗiye 450 tun hantsi bai dubi ludayi ba. Wannan ma in rubutun ledar gaskiya ne, don ba wanda ya auna.

Auna magani aiki ne na ɗakin gwaji. A narka ƙwaya, a tura ruwanta cikin na'urar da ke rarrabe sinadarai, ta faɗi mene ne a ciki kuma nawa ne. Akwai kuma gwajin narkewa: a saka ƙwayar a ruwa mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, ana juyawa ana ɗiba lokaci-lokaci. Da haka ake tabbatar da cewa wadda aka ƙera don ta riƙa sakin magani sannu a hankali na awa 12 ba ta juye shi gaba ɗaya ba. In ta juye, sai jijjiga irin ta farfaɗiya ko numfashi ya sarƙe.

Labarin tafashiya ya ishe mu misali. A 2013 wasu masu bincike daga Faransa da Kamaru suka ce sun gano tiramadol a saiwar wannan bishiya, aka yi ta murna cewa ashe maganin da kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar kasuwa a 1977 yana nan a dajinmu. Shekara ta zagayo, ayarin Michael Spiteller na Jamus ya sake awo, ya kuma zanta da manoman arewacin Kamaru. Ashe shanun huɗa ake ɗura wa ƙwayar don su jure rana, fitsarinsu ya shiga ƙasa, saiwa ta sha. Ido da ɗanɗano ba za su taɓa warware wannan ba.

Kasuwar kuma ba ta tsaya cik ba. Tun da Indiya ta tsaurara dokar fitar da tiramadol a 2018, wasu ƙwayoyi masu haɗin tafentadol da karisofurodol suka kwararo Afirka ta Yamma, a bakin titi kuwa duk tramol ne sunansu. Ma'aikacin asibiti da aka kawo wa saurayi a sume, da me zai san wadda ya sha?

Ɗakin gwajin ƙasa, LANSPEX, yana Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, alhali kayan ta iyakokinmu na kudu suke kai da kawo. Ra'ayina, Damagaram ta cancanci nata, ko da ƙarami ne, a jingine da Jami'ar André Salifou da babban asibitinmu. Za a ce na'ura da tsada, ga wuta ba tabbas, ga zafi da ƙura. Gaskiya ne. Amma kame da ƙone ƙwaya a bainar jama'a ma ba kyauta ake yin su ba, kuma toka ba ta gaya mana abin da aka ƙona.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai sikila da ciwo ya tasar wa tsakar dare, da tsohuwar da ciwon daji ke ci. Sunan maganin ya ɓaci har wasu na jin kunyar miƙa takardar likita a farmasi, sai su aiki yaro wurin mai tebur, ya dawo da leda mai 225.