Tsokanar da ake ɗauka a ɓoye cin zali ce, ko da an yi dariya daga baya

A shekarar 2016 wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar Ostireliya, Colin da Cameron Cairnes, suka fitar da fim ɗin ban tsoro mai suna Scare Campaign, wanda ke ba da labarin wani shirin talabijin da ke ɓoye kyamarori yana firgita bayin Allah domin nishaɗin masu kallo. An ɗauki fim ɗin a tsohon asibitin masu taɓin hankali na garin Beechworth da ke jihar Victoria, wanda aka buɗe a 1867 aka rufe a 1995. Duk da jinin da ke malala a cikinsa, wurin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda shugabar shirin ta nuna wa ma'aikatanta bidiyon wasu masu rufe fuska da ke yaɗa ta'asarsu a intanet, ta sanar da su cewa masu kallo sun koma can, don haka ko su ƙara wa abin wuta ko a soke shirinsu.

Nan ne marubutan suka taɓo gaskiyar wannan sana'a. Tsoron da ya burge jama'a jiya ba ya burge su yau, saboda haka dole mai shiri ya riƙa ƙara yaji, kuma wanda ke biyan kuɗin wannan ƙarin shi ne mutumin da bai san ana ɗaukarsa ba. Masu shirin suna da rubutaccen tsari, suna zaune a gaban allo suna ganin kowane lungu, suna da ikon cewa a tsaya. Shi kuwa wanda aka ɗana wa tarko, zuciyarsa na bugawa da gaske, kuma babu wanda ya tambaye shi ko yana da hawan jini, ko ya taɓa shiga wani tashin hankali da wannan wasa zai fama masa.

Ostireliya ta ga ƙarshen irin wannan wasa a zahiri. A watan Disamban 2012, masu gabatar da shiri biyu na gidan rediyon 2Day FM da ke Sidni suka buga waya asibitin King Edward VII na Landan, inda aka kwantar da matar Yarima William, suna kwaikwayon muryar Sarauniya Elizabeth da ta Yarima Charles. Aka yaɗa hirar a duniya, bayan 'yan kwanaki kuma ma'aikaciyar jinyar da ta fara ɗaga wayar ta kashe kanta. Ba su yi nufin haka ba, amma ba su san wace ce ke ɗaya ɓangaren wayar ba, kuma ba su da hanyar sani.

Masu kare irin waɗannan shirye-shirye sukan ce ana neman izinin mutum kafin a nuna shi. Hujjar tana da rauni, domin izinin yana zuwa ne bayan an riga an firgita shi, yana tsaye cikin mutane suna tafa masa, ƙafafunsa na rawa, an miƙo masa takarda da biro. Mutane kaɗan ne za su iya cewa a'a a wannan hali. Matasan da ke yin irin wannan tsokana a TikTok, har da na garuruwanmu, galibi ko wannan takardar ba su da ita. Ya kamata hukumomin da ke sa ido kan kafofin yaɗa labarai da kamfanonin da ke biyan masu bidiyo su wajabta samun amincewar mutum kafin a kunna kyamara, ko da hakan zai kashe rabin armashin shirin.