Masallacin da aka bar wa ƙanƙara wuri a tsakiyar sahu

Jama'a, da zarar an ce masallatan Turkiyya, hankalinmu sai ya tafi Istanbul, ga manyan ƙubbobi da hasumiyoyi masu tsini. Ni kuwa wanda ya kama min zuciya yana can garin Beyshehir, a lardin Konya, bakin wani babban tafki. Masallacin Eshrefoglu ake ce masa. Sarkin yankin, Sulaiman Bey, shi ya sa aka gina shi tsakanin 1296 da 1299. Bangonsa na dutse ne, amma abin da ke ɗauke da rufin ginshiƙai ne na itacen al'ul fiye da 40, kowanne an dasa shi a kan dutse don kada danshin ƙasa ya ci gindinsa. Shekara 700 da ɗoriya ke nan suna tsaye, har yau kuma ana salla a ƙarƙashinsu.

Mumbarinsa ma abin kallo ne. Ƙananan katakai aka sassaƙa, aka riƙa cusa wannan cikin bakin wancan har suka riƙe juna, ba ƙusa, ba gam.

Amma wallahi abin da ya fi taɓa ni rami ne. A tsakiyar masallacin akwai wani rami da aka haƙa, wanda a da aka bar rufin saitinsa a buɗe. A wancan zamanin, lokacin hunturu akan tara dusar ƙanƙara a ciki, ta riƙa narkewa sannu a hankali. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, danshinta ke hana ginshiƙan bushewa su tsage. Ku duba fa, wurin da mutane za su iya yin sahu, magini ya haƙura da shi saboda ya san halin itace, ya san abu ne mai shan iska, mai kumbura da motsewa. Wannan ai ilimi ne, kuma a ganina ya fi duk adon da ke jikin mihirabin daraja, duk da cewa adon ma ba baya ba ne.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an ce tsohon masallaci ya tsufa, a rushe a zuba kankare. Da mutanen Beyshehir sun yi wannan tunanin, da ba abin da hukumar UNESCO za ta tarar a 2023, lokacin da ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tare da wasu masallatan katako 4 na yankin Anatoliya.